Sanin zaman jama'a makami ne ga makiyayi da ɗan kasuwar dabbobi

 

 Mun saba in mun taru mu yi maganar allurar rigakafi, da tsadar dusa, da ranar sakin gonaki. Yau za mu ɗauko magana ta wani gefe, watau ilimin zaman jama'a, wanda ake koyarwa a jami'a, kuma wanda masu rubuta dokoki da masu tsara ayyukan raya karkara suke aiki da shi idan za su yanke shawara a kanmu.

Ga dalilinmu. Ana yawan faɗa cikin ofisoshi cewa makiyayi mutum ne marar tsari, yana bin wutsiyar saniya duk inda ta nufa, kuma daji ba shi da mai shi. To, wanda aka ɗauka ba shi da tsari, sai a yi masa tsari ba da shawararsa ba. Idan muka san kalmomin da ake auna jama'a da su, za mu iya bayyana tsarinmu da bakinmu, mu kuma gane wurin da ya fara tsagewa tun kafin ƙadangare ya samu wurin shiga.

1. Mene ne ilimin zaman jama'a?

Shi ne binciken yadda mutane suke zama tare: abin da ke haɗa su, abin da ke raba su, da ƙa'idojin da suke bi ko da ba a rubuce suke ba. Wani Bafaranshe mai suna Ogust Kont ne ya raɗa masa suna a wajajen 1838. Amma tun kafin shi da shekaru ɗaruruwa, Ibn Haldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, ya rubuta littafinsa Muƙaddima a 1377, inda ya yi nazarin mutanen daji masu raƙuma da tumaki, ya gwada su da mutanen birni. Ya lura cewa ƙarfin mutanen daji yana cikin abin da ya kira asabiyya, watau haɗin kai na jini da na zama tare, wanda wahala ke ƙarfafawa, jin daɗin birni kuma yana sassauta shi. Ke nan tun farkon wannan ilimi makiyayi yana cikinsa.

Babban darasinsa na farko shi ne: akwai abubuwan da suka fi ƙarfin mutum ɗaya. Babu wanda ya zaɓi harshen da ya tashi da shi. Babu wanda ya ƙirƙiro sadaki ko gado shi kaɗai. Mun tarar da su, suna juya mu, za mu kuma bar su ga na baya. Saboda haka idan abu ya faru ga mutum ɗaya, ana iya cewa halinsa ne ko ƙaddararsa. Idan kuwa ya faru ga mutum dubu a lokaci guda, kamar yadda samari ke barin ruga suna tafiya birni, sai a nemi dalili cikin tsarin zaman kansa.

2. Al'umma da rukuni

Al'umma ita ce taron mutanen da suke zaune cikin ƙasa ɗaya, suna dogara da juna, suna da hanyoyin warware al'amuransu. Cikin kowace al'umma akwai rukunoni. Masana sun raba su gida biyu. Akwai rukuni na kusa, inda kowa ya san kowa ido da ido, kamar gida, ruga da zuri'a. Akwai rukuni na nesa, wanda buƙata ce ta haɗa shi, kamar ƙungiyar makiyaya, ƙungiyar ƴan kasuwa ko jam'iyyar siyasa.

Wannan bambanci yana da amfani gare mu ƙwarai. A ruga kunya ta isa ta tsare amana, domin wanda ya ci amanar ɗan uwansa gobe da shi zai haɗu bakin rijiya. A ƙungiya mai mutum dubu, daga Difa har Tilaberi, kunya kaɗai ba ta isa. Sai da takarda, da zaɓe, da ma'aji mai ba da lissafi gaban jama'a. Ƙungiyoyi da dama sun mutu saboda an tafiyar da su kamar gidan mutum ɗaya, ana jin nauyin tambayar shugaba ina kuɗi suka shiga. Tambayar lissafi cikin ƙungiya haƙƙin kowane mamba ne, kuma shugaba na ƙwarai shi ke fara kawo littafin kafin a tambaye shi.

3. Al'ada, abin daraja da ƙa'ida

A wannan ilimi, al'ada ta wuce kiɗa da rawa da tufafi. Ta ƙunshi duk abin da mutum ya koya daga jama'arsa: harshe, sanin ciyawa mai amfani da mai kisa, sanin taurari, yadda ake gaisuwa, yadda ake rabon gado. Zaɓen irin shanu ma al'ada ce, shi ya sa wani ke riƙe da jan Bororo mai dogon ƙaho, wani Azawak mai nono, mutanen tafkin Cadi kuma Kuri.

Cikin al'ada akwai abin daraja, watau abin da jama'a suka ɗauka shi ne mutunci. Fulani suna da pulaaku, wanda ya ƙunshi kunya da haƙuri da hankali. Buzaye da Tubawa da Larabawa da Hausawa kowa yana da nasa ma'aunin mutumin kirki. Sa'an nan akwai ƙa'ida, ita ce ke faɗin abin da za a yi a wuri kaza, lokaci kaza.

Mu ɗauki rijiya. A yankin kiwo, wanda ya haƙa rijiya shi da zuri'arsa ke da fifiko a kanta. Baƙo in ya zo da garke ba a hana shi ruwa, amma sai ya yi sallama, ya nemi izini, a faɗa masa lokacin da zai sa gugarsa da kwanakin da zai yi. Da rani saniya ba ta iya nisa da ruwa fiye da kilomita 15 zuwa 20. Saboda haka mai riƙe da rijiya shi ke riƙe da ciyawar da ke kewaye da ita, ko da bai kafa shinge ko ɗaya ba. In ya ga ciyawa ta ragu, sai ya rage kwanakin baƙi. Baƙon kuma ya san wata shekara ruwan sama zai sauka wajensa, mai rijiyar nan zai zo neman irin wannan alfarma. Wannan doka ce cikakkiya, ko da babu alƙalin da ya rubuta ta.

Kowace ƙa'ida tana da hukunci. Wani hukuncin na hukuma ne, kamar tara da kurkuku. Wani na jama'a ne, kamar zunɗe, da ƙin cin abinci da mutum, da ƙin ba shi aure. Fulani suna da dangol, inda makiyaya ke ƙaurace wa kasuwa ko gari baki ɗaya, ba nono, ba dabba, har sai an gyara zaluncin da aka yi musu. Wanda ya taɓa ganin kasuwa ranar dangol ya san hukuncin jama'a yana da nauyi.

4. Tarbiyya

Tarbiyya ita ce hanyar da al'ada ke bi ta shiga cikin yaro har ta zama jikinsa. Yaron ruga yana fara da ƴan maruƙa da awaki kusa da gida, kafin a ba shi sanda ya bi manyan shanu. Ana ba shi karsana tun yana jariri domin ya tashi yana ganin rabonsa cikin garke. Yarinya tana koyon tatsa, da kaɗa nono, da ciniki a gari. Kafin ya shekara 15 yaron nan ya san kowace saniya da uwarta da kakarta.

Yau masu tarbiyya sun yi yawa. Bayan uwa da uba akwai makarantar allo, akwai lakkol, akwai rediyo, akwai wayar salula da abokan tasha. Ba mu ce a hana yaro karatu ba, domin jama'ar da ba ta da likitan dabbobi nata, da lauya nata, da mai rubutu nata, kullum wani ne zai yi magana a madadinta. Abin da muke nema shi ne lakkol da ta dace da tafiyar makiyaya, mai wurin kwana da abinci, wadda ba ta koya wa yaro raina sana'ar ubansa. Haka kuma uba ya sani, yaron da aka bari da garke shi kaɗai wata da watanni, ba babba kusa da shi, wasu ne za su yi masa tarbiyya a daji, kuma ba mu ne za mu zaɓe su ba.

5. Matsayi da aikin matsayi

Matsayi shi ne wurin da mutum yake cikin jama'a: uba, ardo, dillali, baƙo. Kowane matsayi yana da aikin da ake jira daga mai shi. Wani matsayin gadonsa ake yi, wani kuma da ƙoƙari ake samunsa. A yammacin Nijar, wajen Sai da Dallol, makiyaya suna da rugga, shugaban tafiyar kiwo, da garso mai zuwa gaba ya duba ruwa da ciyawa da lafiyar hanya. Ba a ba mutum garso don gidansu, sai don an gwada shi an ga ya san daji.

Wani lokaci aiki biyu na mutum ɗaya suna karo da juna. Dillali misali ne. Shi ne mai masaukin makiyayi, shi ke ba shi ruwa da tabarma, shi ke shaida cewa dabbar ba ta sata ba ce. Amma kuma abincinsa yana cikin cinikin. In la'ada a fili take, kowa ya huta. In kuwa dillali ya raba mai saye da mai sayarwa, ya faɗa wa wannan kuɗi kaza, ya faɗa wa wancan kuɗi kaza, to aikin mai masauki ya faɗi, na mai neman riba ya hau kansa. A kasuwar Gogunu, arewacin Benin, makiyaya sun gyara wannan da kansu: mai dabba da mai saye suna ciniki fuska da fuska, tsofaffin dillalai kuma aka mai da su shaidu, ana rubuta kowane ciniki, ana biyansu ladan da kowa ya sani. Ba a kori kowa ba, aikin ne aka sake wa fasali.

Ƴan uwa fatake, ku ma masana sun yi nazarinku. A 1969 wani mai bincike, Abna Kohen, ya fitar da littafi a kan Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan. Ya nuna yadda shanun arewa ke shiga hannun mahauta bashi, ba takarda, ba banki, sai lamunin maigida wanda ya san kowane mahauci da halinsa. Jarin wannan kasuwa amana ce. Haka abin yake daga Abalak, Badagishiri da Balleyara har zuwa Illela, Jibiya da Maigatari. Duk wanda ya shigo da dabbar sata kasuwa, ko ya ci kuɗin marayu, jarin kowa ya taɓa.

6. Rabon aiki da dogaro da juna

Emil Durkem, wani malamin Faransa, ya rubuta a 1893 cewa haɗin kai iri biyu ne. Akwai na masu kama da juna, kamar ƴan ruga ɗaya masu sana'a ɗaya. Akwai na waɗanda sana'arsu ta bambanta, amma kowa yana buƙatar ɗan uwansa. Tsakanin manomi da makiyayi irin na biyu ne. A da, bayan girbi manomi shi ke kiran makiyayi ya sauka gonarsa, shanu su ci kara su bar taki, har a ba makiyayi damman hatsi. Mata suna musayar nono da gero. Manomi in ya sayi saniya sai ya ba Bafulatani kiwo.

Me ya canza? Jama'a ta ƙaru, gonaki sun haura arewa sun shiga burtali da bakin tabki. Manomi ya zama mai dabbobi, yana buƙatar karansa da harawarsa, har yana sayarwa. Makiyayi da yawa kuma sun kama noma. Da kowa ya fara yin aikin ɗan uwansa, sai buƙatar juna ta ragu, gasa ta ƙaru. Wannan bayani ya fi mana amfani bisa ga cewa mutanen yanzu ba su da kirki, domin yana nuna inda za a sa hannu: a nemo sababbin abubuwan da za su sa manomi da makiyayi su sake buƙatar juna, kamar yarjejeniyar taki, da cinikin harawa, da kasuwar nono.

Cikin makiyaya kansu akwai habbanaye. Mai shanu yana ɗaure wa ɗan uwansa ko abokinsa karsana, ta haihu wajensa sau biyu ko uku bisa ga al'adar wuri, ƴaƴan su zama nasa, uwar ta koma gida. Margarit Dupir ta bayyana wannan cikin littafinta na 1962 a kan Wodaabe na Nijar. Masana suna cewa kyauta tana da igiya uku: bayarwa, karɓa, da ramawa. Mai ba da habbanaye ya taimaki wani, ya kuma raba dukiyarsa wurare dabam-dabam, yadda in ciwo ko fari ya faɗa wa garkensa, yana da abin da zai dawo masa. Har ƙungiyoyin agaji sun ari wannan dabara suna raba awaki da ita.

7. Hawa-hawa cikin jama'a

Babu al'ummar da kowa yake daidai da kowa. Masana suna duba wa ke da dukiya, wa ke da iko, wa ake girmamawa. Fari na 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 sun sake rabon dukiya a ƙasashen Sahel. Makiyaya sun sayar da dabbobi a kuɗin banza don su sayi hatsi, masu kuɗi na birni, ƴan kasuwa da manyan ma'aikata, suka saya. Da ruwa ya dawo, mutane da yawa sun koma daji suna kiwon shanun da ba nasu ba.

Ku duba abin da wannan ya haifar. Makiyayin haya ba ya iya ba da habbanaye, domin ba a kyauta da kayan wani. Ba shi ke zaɓen hanya ba. In shanu sun yi ɓarna shi ake kamawa, mai shanun yana birni. In mai garke yana da ƙafa a hukuma, yaron ba ya jin tsoron shiga gona, sunan dukan makiyaya kuma shi ke ɓaci. Matarsa ma ta rasa ikon da take da shi a kan nono, wanda da shi take sayen gishiri da sabulu da tufafin yara. Saboda haka in ana maganar makiyaya a taro, mu tambaya: wane makiyayi? Mai garke 5 da bai taɓa kwana a daji ba, ko mai saniya 10 da iyali 12?

Wajibi ne kuma mu faɗi wata gaskiya. Cikin al'ummominmu har yanzu akwai waɗanda ake rainawa saboda asalin kakanninsu, ana kiransu bayi ko ƴaƴan bayi, ana hana su aure ko filin kansu. Dokar Nijar ta 2003 ta mai da bautar da mutum babban laifi. Mai neman a yi masa adalci a bakin burtali, ya fara yin adalci cikin rugarsa.

8. Iko iri uku

Maks Weba, Bajamushe, wanda ya rasu a 1920, ya tambaya: me ke sa mutane su yi biyayya da yardarsu? Ya ce dalili uku ne. Na ɗaya gargajiya, kamar ikon sarki da ardo, wanda aka gada kaka da kakanni. Na biyu baiwar mutum, kamar yadda jama'a suka bi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, haifaffen Maratta cikin ƙasar Gobir, saboda iliminsa da halinsa, har aka yi jihadin 1804. Na uku doka, watau ikon ofis, inda ake bin kujera da takarda, ko wane ne ya zauna.

Mu makiyaya mun iya zama da iri biyu na farko. Na ukun ne ya daɗe yana cutar mu, domin ba mu shiga cikinsa ba. Alhali kuwa akwai dokokin da suke gefenmu. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke bayanta don kiwo. Kundin dokokin karkara na 1993 ya amince da fifikon makiyayi a kan yankin da ya saba zama, ya kuma kafa hukumomin kula da filaye, waɗanda ake kira Kofo, inda makiyaya ke da kujera. Dokar kiwo ta watan Mayu 2010 ta ce tafiya da dabbobi haƙƙi ne na asali ga makiyayi, ta kuma hana wani ya mallake filin kiwo na jama'a shi kaɗai. Amma doka ba ta tafiya da ƙafarta. In kujerarmu a Kofo ta zauna wofi, ko muka tura wanda ba ya buɗe baki, za a shata burtali ba mu nan.

Ga misalin yadda ra'ayin masana ke zama doka. A 1968 wani Ba'amurke, Garet Hardin, ya rubuta cewa duk makiyayar da ta zama ta kowa da kowa ƙarshenta lalacewa, domin kowa zai ƙara dabbobi don ribar kansa. Da wannan magana aka daɗe ana kafa hujjar yanka daji a ba masu kuɗi. Sai Elino Ostrom ta fitar da littafinta a 1990, ta nuna cewa ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba: filin da ba shi da ƙa'ida, da filin jama'a mai ƙa'ida. Ta kawo misalin ƙauyen Torbel na ƙasar Suwis, inda tun 1517 aka hana mutum kai shanu makiyayar dutse fiye da waɗanda zai iya ciyarwa lokacin sanyi. An ba ta kyautar Nobel a 2009. Mu ma mun ga haka da idonmu. Daga shekarun 1960, da aka gina manyan famfunan ruwa na gwamnati a yankin kiwo, ruwa ya zama na duk wanda ya iso, ba sallama, ba izini. Garkuna suka taru, ciyawar kewaye ta ƙare tun rani bai yi nisa ba. Niyyar mai kyau ce, amma an karya ƙa'idar rijiya ba a sa wata a madadinta ba.

9. Rikici da kuɗin goro

Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Ilimin zaman jama'a bai ɗauki saɓani abin mamaki ba. Abin da yake dubawa shi ne ko akwai hanyar sasantawa da kowa ya yarda da ita. Saniya ta shiga gona, wannan ɓarna ce, tana da kuɗi, ana iya kimanta ta gaban mai gari da ardo a biya. Masifa tana farawa ranar da aka yi wa mutane kuɗin goro, aka ɗora laifin mutum ɗaya a kan ƙabila. A ƙarshen watan Oktoba 1991, a Toda cikin jihar Maraɗi, an kashe mutum fiye da 100, yawancinsu mata da yara na makiyaya, waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A 2016 an sake zubar da jini a Bangi cikin jihar Tawa. Allah Ya jiƙansu, Ya kiyaye na gaba.

Masana sun lura cewa sunan da aka liƙa wa mutum yana iya tura shi ga abin da ake zarginsa da shi. Saurayin da kullum ake kira ɓarawo ko ɗan ta'adda saboda rawaninsa ko harshensa, aka hana shi kasuwa, aka kama shi ba laifi, shi masu ɗauke da bindiga ke samu da sauƙi. Mu ma kada mu yi wa manoma kuɗin goro. Kuma kada mu ɓoye mai laifi don namu ne, domin ɓoye shi ne ke ba masu kuɗin goro hujja.

Kakanninmu sun bar mana magani guda, wasan taubasantaka tsakanin ƙabilu: Fulani da Barebari, Fulani da Arawa, Gobirawa da Zabarmawa. Abokin wasa yana faɗa maka gaskiya mai ɗaci cikin dariya, kuma haramun ne ka zubar da jininsa. Hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin kayan gadon duniya a 2014. Mu koya wa yara, kada ta tsaya a bakin tsofaffi.

10. Abin da muke roƙo

Zamani yana canzawa, ba kuma zai jira mu ba. A 1998 ƙasashen CEDEAO sun amince da takardar ƙetare iyaka da dabbobi. A 2017 jihar Binuwai ta Nijeriya ta hana kiwon sake, a ƙarshen 2019 Benin ta rufe ƙofa ga garkunan waje, a watan Janairu 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga CEDEAO. Hanyoyin da kakanninmu suka bi ba tambaya, yau sai da yarjejeniya. Don haka muna roƙon abu biyar.

Na ɗaya, kowane ardo ya tara dattawa a rubuta ƙa'idojin rijiyoyi da tabkuna da mashekarai na yankinsa, a kai kofi ga Kofo.

Na biyu, a zaɓi wakilan Kofo cikin masu sanin daji da iya magana, a sa mata cikinsu, su kuma dawo su ba da labari bayan kowane zama.

Na uku, duk mai ba da kiwo da mai karɓa su yi yarjejeniya gaban shaidu: lada nawa, nono na wa, wa zai biya ɓarna.

Na huɗu, a kasuwa a bayyana la'ada, a rubuta ciniki, a ƙi dabbar da ba a san asalinta ba.

Na biyar, duk wanda Allah Ya hore wa, ya ɗaure wa wani karsana ko tunkiya bana, kuma kafin a saki gonaki ardo ya je ya gai da mai gari, domin zumunta a ƙafa take.

Jama'a, wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa. Yanzu fili naku ne, musamman dattawa da iyayenmu mata, ku kawo tambaya da gyara da misalan yankunanku. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyaye dabbobinmu daga ciwo, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.